Kasafin Cimar Ɗalibi A Jami'a: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Tun Kafin A Buɗe Makaranta

A duk lokacin da jami'o'i da sauran manyan makarantun ƙasar nan suka buɗe sabon zangon karatu, hankalin iyaye yakan koma ne kan kuɗin rajista da na masauki, domin su ne ake rubutawa a takarda, a kuma yanka masu wa'adi. Kuɗin abinci kuwa ba shi da takarda, ba shi da ranar rufewa, saboda haka akan bar shi sai abin da ya ragu a hannu. Amma idan aka tara shi tun daga farkon shekarar karatu har ƙarshenta, a jami'o'in gwamnati da dama yakan zarce kuɗin rajistar kanta. Shi ne kuma wanda idan ya yanke a tsakiyar zango, ɗalibi yakan shiga cin bashi, ko tsallake cin abinci, ko ma guje wa lacca don neman abin sa wa a baka. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga magidanci ɗan kasuwa, lissafin ba baƙo ba ne. Yadda ba a sayen kaya sai an san nawa kowane ɗaya ya tsaya bayan an cire dako da wanda ya lalace, haka nan ba a sanin tsada ko arahar ciyar da ɗalibi sai an san nawa kowane ci ya tsaya, wato cin da ya shiga cikinsa, ba wanda aka biya kawai ba.

Daga tikitin gwamnati zuwa aljihun iyaye

A shekarun farko na jami'o'in Nijeriya, ciyar da ɗalibai aikin hukumar makaranta ne. Kowane ɗalibi yakan sayi tikiti a kan farashi mai rangwame, ya ci abinci sau uku a babban ɗakin cin abinci, gwamnati kuma ta cike giɓin kuɗin. Muhimmancin wannan tsari ya kai ga an sha zubar da jini a kansa. A ranar 1 ga Fabrairu 1971, 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, a wata zanga-zanga da ta samo asali daga koken ɗaliban masaukin Nnamdi Azikiwe game da abinci. A watan Afrilu 1978 kuma, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ƙarin kuɗin abinci da na masauki ya haddasa tarzomar da ɗalibai suka nemi a tsige Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa wadda Segun Okeowo yake shugabanta.

A 1984, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta janye tallafin abinci daga jami'o'i. Daga nan ɗakunan cin abincin suka koma hannun 'yan kwangila da masu sayar da abinci, waɗanda suke saye da sayarwa bisa farashin kasuwa. Shirin gyaran tattalin arziki da aka soma a 1986 ya ƙara tsananta al'amarin, domin darajar Naira ta faɗi, kayan masarufi kuma suka yi tashin gwauron zabi. Daga irin wannan matsi ne ɗalibai suka ƙirƙiro lissafinsu na barkwanci: mai 1-0-1 yana karya kumallo ya tsallake na rana, mai 0-1-0 kuwa sau ɗaya tak yake ɗora tukunya. Tun daga wancan lokaci, nauyin cikin ɗalibin jami'ar gwamnati yana wuyan gidansu ne.

Abin da alƙaluma suka nuna

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin Naira ta nemar wa kanta daraja a kasuwa a watan Yuni na shekarar, sun haifar da hauhawar farashin da aka daɗe ba a ga irinta ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Yuni 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100. Ma'ana, abincin da aka saya a kan N1,000 a Yunin 2023 ya koma kusan N1,410 cikin shekara guda.

Hukumar tana da wani ma'auni wanda ya fi amfani ga mai tsara kasafi, wato mafi ƙarancin kuɗin da baligi zai kashe a rana don samun abinci mai gina jiki daga kayan da ake samu a kasuwannin yankinsa. A watan Yuni 2024, matsakaicin wannan kuɗi a faɗin ƙasa ya tsaya a N1,241. A shiyyar Kudu maso Yamma ya kai N1,545, a Arewa maso Yamma kuwa N956. Idan aka ninka sau 30, za a ga N37,230 a wata a matsakaicin ƙasa, da N46,350 a Kudu maso Yamma, da N28,680 a Arewa maso Yamma. Wannan kuɗin ɗanyen kaya ne zalla, babu kuɗin mota zuwa kasuwa a ciki, babu na makamashin girki. Ke nan ɗan Kano da yake karatu a Ibadan ko Legas ba zai rayu da abin da ya ishi ɗan'uwansa a Sakkwato ba.

A ranar 3 ga Afrilu 2024, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar dokar bashin ɗalibai, wadda asusun nan da aka fi sani da NELFUND yake aiwatarwa. Bashin ba shi da kuɗin ruwa, ɗaliban makarantun gwamnati ne ke cin gajiyarsa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan kuɗin dawainiyar da ya fara bai wa ɗalibai a 2024 shi ne N20,000 a wata. Ko da a ce ɗalibi bai taɓa ko kwabo daga ciki don sabulu ko mota ko takardun lacca ba, abin da zai samu a rana bai wuce N667 ba, wato ɗan abin da ya haura rabin N1,241. Giɓin da ya rage a wata, bisa ma'aunin wancan lokaci, ya kai N17,230. Saboda haka kuskure ne iyaye su ɗauka cewa samun wannan bashi ya sauke masu nauyin ciyarwa. Tallafi ne mai rage raɗaɗi, kuma bashi ne da za a biya.

Har ila yau, mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a watan Yuli 2024 shi ne N70,000, wanda ke nuna cewa ciyar da ɗalibi guda bisa wancan ma'auni zai cinye fiye da rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. A 2025 hukumar ta sabunta hanyar auna hauhawar farashi, alƙaluman suka sauko, farashin hatsi irin su masara da shinkafa ma ya ja baya a kasuwanni da dama. Sai dai saukar alƙaluman hauhawa ba ta nufin komai ya koma farashinsa na da. Mai abinci da ta rage yawan cokali a lokacin tsada ba ta cika mayar da shi da sauri ba, domin hayar rumfa da gas da kuɗin ma'aikata ba su sauko tare da hatsi ba. Don haka farashin da za a gina kasafi a kansa shi ne wanda aka tambaya a makarantar a makon da za a tafi.

Hanyoyi uku na ciyarwa

Hanya ta farko ita ce saye a kullum daga ɗakin cin abinci ko rumfunan masu abinci da mai shayi. Ba ta cin lokaci, ba ta bukatar kayan girki, amma ita ce mafi tsada, domin a cikin kowane kwano akwai ribar mai sayarwa da hayarsa. Ita ce kuma ta fi saurin cinye kuɗi ba a ankara ba, saboda lemon kwalba da ƙarin nama da ake ɗauka ƙananan abubuwa ne, su ne suke huda aljihu.

Hanya ta biyu ita ce girki. Ita ce mafi araha idan aka duba kowane ci, amma tana bukatar jari tun farko: risho ko ƙaramar tukunyar gas, tukwane, bokiti da mazubi mai murfi. Tana da nata ɓoyayyun asarori, kamar lalacewar miya saboda rashin wutar lantarki, da ɓarnar ɓeraye da ƙwari, da abokan da ba sa zuwa ziyara sai tukunya ta sauka. Makarantu da yawa kuma sun hana amfani da murhun lantarki a ɗakunan kwana, wasu masu zaman kansu ma sun hana girkin baki ɗaya, saboda haka wajibi ne a karanta dokar masauki kafin a sayi komai.

Hanya ta uku ita ce biyan kuɗin abincin zango gaba ɗaya tun farko. Wannan tsari ya fi yawa a jami'o'i masu zaman kansu. A Jami'ar Babcock da ke Ilishan-Remo ta Jihar Ogun, alal misali, kuɗin da ake biya ya danganta da ko ɗalibi zai ci sau biyu ko sau uku a rana, kuma bisa aƙidar cocin da ya mallaki makarantar, ba a dafa nama a ɗakin cin abincinta. Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ita ma tana bin salon Amurkawa na sayar da abinci bisa adadin ci a mako. Ko a jami'o'in gwamnati akwai irin wannan a ƙaramin mataki, inda ɗalibi yakan ba wata mai abinci kuɗin wata guda, ta riƙa zuba masa kullum.

Inda lissafin biyan gaba yake ruɗi

Abin da ke jan hankalin iyaye ga biyan gaba shi ne kwanciyar hankali: an biya an huta, kuma ko farashi ya tashi a kasuwa ba ruwan ɗalibi. Wannan fa'ida ce ta gaske, musamman a shekarar da farashi yake gudu. Amma akwai sharaɗin da ba a cika lura da shi ba, wato a yawancin irin wannan tsari cin da aka tsallake ya tafi ke nan, ba a mayar da kuɗinsa.

Ga misali na ƙiyasi kawai. A ɗauka zango yana da mako 16, wato kwana 112, makaranta kuma ta sa N336,000 a kan ci uku a rana. Ci 336 ke nan, kowanne a kan N1,000. To, idan ɗalibin yana da laccar sassafe, yana fita ba tare da ya karya ba daga Litinin zuwa Juma'a, ya yi asarar ci 80. Idan kuma ya je gida ƙarshen mako sau huɗu, kwana biyu-biyu, ya sake yin asarar ci 24. Abin da ya shiga cikinsa ci 232 ne kacal, kowanne kuwa ya tsaya a kusan N1,450. Banda wannan, zai sake ciro kuɗi daga aljihu ya sayi shayi da burodi a bakin aji, wato an biya kuɗin kalaci sau biyu.

A ɗauka kuma makarantar tana da tsarin ci biyu a kan N250,000. A takarda ya fi tsada, domin ci 224 ne, kowanne a kan kusan N1,116. Amma ga wannan ɗalibi, bayan an cire ci 16 na kwanakin da ya je gida, kowane ci ya tsaya a kusan N1,200, sannan ga rarar N86,000 a hannu wadda za a iya yin kalaci da ita. Tsarin da ya fi araha a idon mai karanta takarda ya zama mafi tsada a cikin mai ci.

Dangane da haka, akwai tambayoyin da ya kamata a samu amsarsu a rubuce kafin a biya. Shin tsarin dole ne ko zaɓi? Ƙarfe nawa ake buɗe ɗakin cin abinci, ƙarfe nawa ake rufewa, kuma ya dace da jadawalin laccar ɗalibin? Ana ɗage abin da ba a ci ba zuwa mako ko zango na gaba? Ana iya sauya tsari bayan makonnin farko? Wane tanadi aka yi wa masu azumin watan Ramadan game da sahur da buɗa-baki, da masu larurar da likita ya hana su cin wani abu? Idan aka rufe makaranta ba zato, ina makomar kuɗin?

Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi shafar masu ba mai abinci kuɗin gaba a jami'o'in gwamnati. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, na 2020 kuwa ya kai kimanin wata tara. Wanda ya ba da kuɗin zango guda ba tare da wata yarjejeniya ba, da wuya ya same su bayan irin wannan tsaiko. Abin da ya fi tsaro shi ne kada biyan gaba ga mai rumfa ya wuce na mako biyu ko wata ɗaya.

Yadda ake tsara kasafin

Matakin farko shi ne ƙidaya kwanaki daga kalandar makaranta, tun daga ranar rajista har zuwa ranar jarrabawar ƙarshe, sannan a ƙara mako ɗaya ko biyu, domin sau da yawa akan ɗage jarrabawa. Mataki na biyu shi ne ɗalibi ya rubuta duk abin da ya kashe a kan ci da sha na tsawon mako biyun farko, har da ruwan leda da ƙosai. Wannan littafi ne zai nuna ainihin kuɗin rana, kuma akasari yakan bambanta da abin da uba da ɗa suka zata.

Mataki na uku shi ne raba kayan abinci gida biyu. Busassun kaya masu jure ajiya, irin su shinkafa, wake, garin rogo, garin ɗanwake, gero, taliya, man gyaɗa, manja, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da ƙuli-ƙuli, an fi samun sauƙinsu idan aka auno su a gida da mudu ko tiya, musamman da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani yake cika kasuwanni irin su Dawanau ta Kano. Da bazara zuwa tsakiyar damina kuwa hatsi yakan yi tsada. Ga ɗalibin da yake karatu a Kudu, wake da gero da busasshen barkono sun cancanci dako daga Arewa, amma garin rogo da manja a can suka fi araha, don haka ɗaukar su daga gida asarar kuɗin mota ce. Ɗanyun kaya, kamar tumatir, attarugu, albasa, ganye, ƙwai da kifi, su ne ake ware wa kuɗin mako.

Mataki na huɗu shi ne lissafa makamashi da ruwa a matsayin wani ɓangare na abinci. Wake yana da araha a mudu amma yana shan gas, sai an jiƙa shi tun da dare ko an dafa mai yawa a lokaci guda. Ɗalibai uku ko huɗu da suka haɗa tukunya suna rage wannan kuɗi ƙwarai, muddin an rubuta abin da kowa ya kawo da ranar girkin kowa, domin haɗin gwiwar da babu rubutu a cikinsa ya kan ƙare da rigima.

Mataki na biyar shi ne ware wani abu, kamar kashi ɗaya cikin goma na jimillar, don tashin farashi ko rashin lafiya, da kuma makonnin jarrabawa, lokacin da ɗalibi ba shi da sukunin girki, dole sai ya saya. Ya fi kyau wannan kaso ya zauna a hannun iyaye.

Mataki na shida ya shafi yadda ake aika kuɗin. Idan aka damƙa wa sabon ɗalibi kuɗin zango a dunƙule, haɗe da na littattafai da katin waya, abinci ne yake fara shan kashi, domin shi kaɗai ne ake iya ragewa ba tare da kowa ya gani ba. Aikawa duk mako biyu ko duk wata, a rana tsayayya, tare da bayyana nawa ne na ci, ya fi tsare ɗalibi. Sai dai a tuna cewa kowace aikawa da kowace cirewa a wurin masu POS tana da ladanta, saboda haka yawan rarraba kuɗin ma asara ce.

Tsimi yana da iyaka. Shan gari da taliyar 'yan yara safe da yamma yana cika ciki, amma ba ya ɗaukar ɗawainiyar karatu, kuma abin da aka tsimi a kan abinci yakan tafi a kantin magani. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, zogale da busasshen kifi su ne hanyoyin samun abinci mai gina jiki a farashi mai sauƙi. Kwanon garau-garau da ɗan ganye ya fi abincin gwangwani amfani, ya kuma fi shi araha.

Masu 'ya'ya a ƙasashen waje

Wannan lissafi ya fi nauyi ga masu biya da kuɗin waje. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗaliban Nijeriya a Amurka sun haura 20,000. Jami'o'i da yawa a can suna wajabta wa 'yan shekarar farko da ke zaune a masaukin makaranta sayen tsarin abinci, ko dai adadin ci a mako, ko adadi dunƙule na zango, ko kuma kuɗi a kati wanda ake zaftarewa a kowane saye. Abin da ya ragu a ƙarshen wa'adi akasari yakan ƙone. Ɗakunan cin abinci da dama kuma sukan rufe a lokacin hutun hunturu, alhali ɗalibin da ya zo daga nesa yana nan bai tafi gida ba, don haka sai an yi wa waɗannan makonni tanadi na daban. Ga Musulmi akwai batun samun naman halal, domin biyan cikakken tsari a inda ɗalibi ba zai iya cin rabin abin da ake dafawa ba ɓarnar dukiya ce. Idan aka tuna cewa Dalar Amurka, wadda take wajen N460 a farashin hukuma a watan Mayu 2023, ta haura N1,500 a cikin 2024, za a fahimci nauyin kowane ci guda da aka biya aka tsallake.

A gida ko a waje, abin da ake bukata bai wuce littafi da biro da zama guda tsakanin mai biya da mai ci ba, a ƙidaya kwanaki, a tambayi farashi, a amince da abin da za a iya. Bayan wata guda a sake zama a kwatanta abin da aka tsara da abin da aka kashe, a gyara kafin zango ya yi nisa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.